Darasin Kasuwanci: Shayi Marar Kauri, Ɗanɗanonsa Da Yadda Ake Haɗa Shi

A yawancin kasuwanninmu, tun daga Agege da Idi-Araba a Legas har zuwa Sabo ta Ibadan da Onica da Fatakwal, mai sayen ganyen shayi da ido yake yanke hukunci. In an jefa 'yar jaka a ruwan zafi ta rine shi ya yi ja wur nan take, sai a ce shayi ya yi kyau. In kuwa ruwan ya tsaya fatsi-fatsi kamar zumar farar saƙa, ana hango gindin kofi, sai a ce jabu ne, ko kuma ya daɗe a sito ƙarfinsa ya tafi. Wannan hukunci yana jawo wa 'yan kasuwa hasara ta fuska biyu. Ɗan sarin da ya sayo shayi marar kauri da tsada yakan ga ana dawo masa da shi, ya rasa bayanin da zai yi, daga bisani ya karyar da shi ƙasa da yadda ya saya. Wani kuma yakan guje wa irin wannan kaya ɗungurungum, alhali kuwa akwai otal-otal da ofisoshi da manyan kantuna da ke nemansa, suna kuma biyan kuɗi mai kyau a kansa. Darasinmu na wannan karo zai duba abin da ke sa baƙin shayi ya zama marar kauri, da irin ɗanɗanon da ya kamata a ji a cikinsa, da kuma yadda ake haɗa shi domin kada a ɓata shi kafin ya isa baki.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa duk shayin da ake sha a duniya, baƙi ne ko kore, daga itace guda yake fitowa, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Koren ganyen da ake dafa ataya da shi da kuma baƙin da ke cikin 'yar jaka mai igiya, wadda jama'a suka fi sani da sunan Lipton ko da wane kamfani ne ya yi ta, sun bambanta ne a wajen sarrafawa. Shi kore ana gasa shi ko a turara shi da zarar an tsinko, domin ya tsaya a korensa. Shi kuwa baƙi ana barinsa ya yi yaushi, a murje shi, sannan a shanya shi iska ta shige shi har ya rine, kamar dai yadda ɓarin goro ke sauya launi in an bare shi an ajiye. Bayan haka ne ake busar da shi da zafi a tankaɗe. Turawa suka kira shi baƙi saboda launin busasshen ganyen. Sinawa kuwa jan shayi suke ce masa saboda launin ruwansa, kuma a ganina sun fi kusa da gaskiya.

Itacen shayi iri biyu ne manya. Akwai na ƙasar Sin mai ƙananan ganye, mai jure sanyi, da kuma na Asam da ke arewa maso gabashin Indiya, mai faffaɗan ganye, wanda ya fi son zafi da damshi. Na Asam shi ne ke ba da ruwa mai duhu da kauri. Na Sin ya fi ba da ƙamshi. To amma iri ba shi kaɗai ke aiki ba, domin tudu ma yana da nasa rabon. Itacen da aka shuka a kan tsauni, inda dare ke da sanyi kuma hazo ke rufe gonaki, a hankali yake tofo, ganyensa ba ya yawa, amma sinadaran ƙamshi sukan taru a cikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙasar Siri Lanka, wadda har yanzu ake rubuta tsohon sunanta Ceylon a jikin kwalin shayi duk da an sauya wa ƙasar suna tun 1972, ta kasa shayinta gida uku bisa ga tudu: wanda aka noma ƙasa da mita 600, da na tsakanin mita 600 zuwa 1,200, da kuma na sama da mita 1,200. A cikin na saman, yankin Nuwara Eliya, wanda garinsa ke sama da mita 1,800, shi ya yi suna wajen ba da ruwa mafi haske. A Indiya kuwa sunan da ya shahara shi ne Darjeeling, a gindin tsaunukan Himalaya, inda aka soma gwada shukar a 1841 da irin ƙasar Sin.

Abu na uku shi ne injin da ya sarrafa ganyen, kuma a nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya fi natsuwa. Hanya ta farko, wato ta asali, ana murza ganyen ne a hankali ya nannaɗe, ba tare da an ragargaza shi gaba ɗaya ba. Hanya ta biyu ita ce wadda ake kira CTC, da wani Bature mai suna William McKercher ya ƙirƙiro a Asam a farkon shekarun 1930. A wannan hanya ana tura ganyen tsakanin wasu ƙarafa masu haƙora da ke juyawa, su murƙushe shi, su yayyaga, su dunƙule shi ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gero. Da yake an farfasa ganyen sosai, iska takan ratsa shi ko'ina, ya rine da sauri, ya ba da ruwa mai duhu cikin ɗan lokaci. Kusan duk shayin ƙasar Kenya, wadda ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, ta wannan hanya ake yinsa, kuma shi ne ke cika akasarin 'yan jakunkunan da ke kasuwa. Saboda haka harshen mutanenmu da idonsu a kan CTC suka saba, shi ya sa duk abin da ya saɓa masa suke ganin ya gaza.

Yayin da ganyen ke rinewa, wasu sinadarai iri biyu ke samuwa a cikinsa. Na farko, tiyafilabin, shi ke ba ruwan shayi ƙyalli mai ruwan zinariya da wani ɗan kaifi da ke wartsake baki. Na biyu, tiyarubijin, shi ke kawo duhu da nauyi a kan harshe. Gwargwadon daɗewar rinewa, gwargwadon yawan na biyun. Shayi marar kauri shi ne wanda na biyun bai yi yawa a cikinsa ba, don haka ƙamshin ganyen bai danne ba. Wanda ya kurɓi irin wannan shayi, in an haɗa shi daidai, abin da zai fara ji shi ne ƙamshi mai kama da na fure ko na ɓawon lemo, sannan ɗan bauri kaɗan a gefen harshe wanda ba ya daɗewa, sai kuma wani ɗan zaƙi-zaƙi da ke biyo baya ko da ba a sa sukari ba. Na Darjeeling da aka tsinka a watannin Mayu da Yuni an san shi da ƙamshi mai kama da na 'ya'yan inabi. Wanda aka tsinka a Maris da Afrilu kuwa ya fi haske, har yakan yi kusa da kore.

A nan akwai bambancin da ya wajaba ɗan kasuwa ya iya tantancewa, domin a kansa kuɗinsa ya rataya. Marar kauri daban, lami daban. Shayin da ya tsufa ko ya sha damshi shi ma ruwansa ba ya duhu sosai, amma ba ya ƙyalli, yakan yi dishi-dishi, ƙamshinsa kamar na tsohuwar takarda ko busasshiyar ciyawa, kuma in ka haɗiye ba abin da ke saura a baki. Marar kauri na ƙwarai ruwansa garau yake, hanci yana jin sa kafin harshe.

Yanzu sai mu dubi ita 'yar jakar. Labarin da aka fi bayarwa shi ne cewa wani ɗan kasuwar shayi a birnin Niyok mai suna Thomas Sullivan ya riƙa aika wa abokan cinikinsa samfur a cikin 'yan ƙananan jakunkunan siliki a wajajen 1908, su kuma suka riƙa jefa su a ruwan zafi ba tare da sun kwance ba. Amma tun a 1901 wasu mata biyu a birnin Milwoki na Amurka suka nemi rajistar wata ƙirƙira mai kama da haka. A Ingila sai a 1953 kamfanin Tetley ya shigo da ita kasuwa, kuma an ɗauki shekaru kafin mutanen ƙasar su karɓe ta. Abin da ya shafe mu shi ne cewa jakar ƙarama ce, babu filin da cikakken ganye zai buɗe a cikinta, don haka abin da ake zubawa shi ne ƙananan da suka faɗo a wajen tankaɗe. Masu sana'ar suna da sunayensu na daraja, amma Bahaushe zai fi saurin ganewa in aka ce masa akwai ɓarzajje, akwai tsaki, akwai kuma gari. Tsakin da garin su ne na jaka. Kada a ɗauka shara ce, domin tsakin ganye mai kyau ya fi cikakken ganye marar kyau. Sai dai ƙanƙantarsa na da illa biyu: yana sakin abin da ke cikinsa da sauri ƙwarai, kuma ƙamshinsa yana gudu da sauri in an bar shi a buɗe. Shayi mai kauri yana iya jure wannan, tunda madara da sukari za su rufe masa asiri. Marar kauri ba shi da abin da zai fake a bayansa.

Saboda haka ruwa shi ne farkon abin lura. Kofin shayi kusan dukansa ruwa ne, kuma duk abin da ke cikin ruwan zai fito fili. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai yawan sinadarin farar ƙasa, wato irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa kuma yake barin farin ɓawo a gindin buta, yakan sa shayi ya yi duhu marar ƙyalli, wani ɗan yanayi kamar mai ya taso a samansa, ƙamshin kuma ya dushe. Ruwan famfo mai warin maganin kulorin shi ma yana ɓata shi. Mai otal da ke sayen shayi mai tsada amma yana haɗa shi da irin wannan ruwa, kuɗinsa yake zubarwa, ya fi masa ya sayi matata ko ya yi amfani da ruwan gora mai sauƙin gishiri. Kazalika masu sana'ar sun fi son sabon ruwa da aka ɗora yanzu, maimakon wanda ya wuni yana tafasa a kan wuta ko ya kwana a filas.

Game da zafi, baƙin shayi yana bukatar ruwa mai zafi sosai, amma marar kauri ya fi yin daɗi in an sauke ruwan bayan ya tafasa an bar shi kamar minti guda, ya sauko wajen digiri 90 zuwa 95 a ma'aunin salshiyos. Wani abin sha'awa shi ne cewa ruwa yana tafasa ne a digiri 100 a bakin teku kawai, kamar Legas ko Kalaba. Duk hawan kimanin mita 300 yana rage digiri ɗaya. Ke nan a Jos, mai tudun kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, don haka mutumin Jos ba ya bukatar jira, yana saukewa ya zuba. A ɗauraye kofin da ruwan zafi tukuna, musamman a lokacin hunturu, domin kofin tangaran mai sanyi yana zuƙe zafin ruwa nan da nan. A sa jakar a kofi a zuba ruwan a kanta. Ba a jefa ta cikin tukunya a dafa kamar yadda ake yi wa shayin citta da kanumfari, domin dafawa tana korar ƙamshin ya bi tururi, ta bar ɗaci.

Sai batun awo, wanda shi ne aka fi yin kuskure a kansa. Yawancin jakunkuna masu igiya suna ɗauke da ganye giram 1.5 zuwa 2, kuma an yi su ne don ƙaramin kofi mai cin kimanin mililita 200. Babban kofin da muka saba gani a teburin mai shayi yana iya cin ninkin wannan. In aka sa jaka ɗaya ta marar kauri a cikinsa, abin da za a samu tsinkakken ruwa ne, sannan a ɗora laifin a kan ganyen. Mai shan da ya ga ruwan bai yi ja ba yakan ƙara lokaci, ya bar jakar minti bakwai ko goma, ya kuma matse ta da cokali a jikin kofi. Wannan ba ya ƙara ƙamshi, domin ƙamshin da sinadarin kafeyin mai wartsake jiki suna fita ne da wuri, abin da ke ci gaba da fita daga baya bauri ne. Minti biyu zuwa uku sun isa, a rufe kofin da ɗan faranti, sannan a ɗaga jakar a bar ta ta tsane da kanta. Wanda ke son ƙarin ƙarfi ya ƙara jaka, kada ya ƙara minti. Kuma launi ba agogo ba ne: akwai ganyen da ke rina ruwa cikin daƙiƙa talatin alhali ɗanɗanonsa bai fito ba, akwai kuma wanda ya gama nuna ruwansa na nan da haske.

Madara ba ta dace da shi ba, balle madarar gwangwani mai kauri ko garin koko, domin da zarar an zuba ba sauran abin da za a ji sai madarar. Sukari kaɗan ba laifi. Ɗan yankin lemon tsami yana tafiya da na Ceylon, sai dai a sani cewa tsamin yana ƙara wa ruwan haske, kada a zaci wani abu ne ya lalace. Haka nan in shayin ya huce ya yi gizo-gizo, wannan ɗabi'ar sinadaran cikinsa ce, zafi yana mayar da shi garau.

Ɗan sarin da aka kawo wa samfur yana iya yin gwajin da masu ɗanɗano ke yi a manyan kasuwannin gwanjon shayi na Mombasa da Kolombo da Kalkata. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 3103 ta tanadi giram 2 na ganye ga kowace mililita 100 ta tafasasshen ruwa, a bar shi minti shida a farin mazubi na tangaran mai murfi. Wannan awo ya fi ƙarfin na sha, an yi shi ne da gangan domin duk wani aibu ya bayyana. Ba sai mutum yana da kayan aikinsu ba. Ya samu fararen kofuna iri ɗaya, ya yage jakunkunan ya zuba ganyen daidai wa daida, ya yi amfani da ruwa ɗaya da lokaci ɗaya, ya jera samfurin kusa da wanda ya riga ya sani. Ya duba busasshen ganyen: in akwai jajayen zaruruwa da ƙananan itatuwa da yawa, an tsinko ganyen da ya tsufa. Ya shinshina jiƙaƙƙen ganyen bayan an tace, domin a nan warin hayaƙi ko na funfuna yake fitowa. Kada a sa sukari a wajen gwaji.

Ta fuskar ciniki, tambaya ta farko ita ce wa za a sayar wa. Mai shayin bakin titi ribarsa tana cikin yawan kofunan da zai fitar daga kowane kwali, kuma masu zama a bencinsa madara da burodi suka zo nema. Kai masa marar kauri ɓata lokaci ne, kuma yana da gaskiya in ya ƙi. Masu sayen wannan kaya su ne otal-otal, da gidajen abinci, da ofisoshin da ke karɓar baƙi, da mutanen da suka rage shan madara da sukari saboda lafiya. Ba su da yawa, amma ba sa tsayawa dogon ciniki in sun amince da kaya. Lissafin farashi kuma a kan nauyin ganye ya kamata a yi shi. Kilo ɗaya yana ba da jaka 500 in kowace giram 2 ce, amma yana ba da sama da 660 in giram 1.5 ce. Kwalaye biyu masu jaka ɗari-ɗari suna iya zama farashi ɗaya alhali ɗaya giram 200 ne ɗaya kuma 150. A duba nauyin da aka rubuta a jikin kwali, a kuma duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar da aka yi kayan.

Sai kuma a yi hattara da manyan sunaye. Darjeeling gonaki 87 ne kacal aka amince su yi amfani da sunan, wanda ya zama kaya na farko da Indiya ta yi wa rajistar sunan yanki a 2004. Abin da suke nomawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na shayin Indiya ba, kuma yajin aikin da ya rufe yankin sama da kwana ɗari a 2017 ya ƙara rage shi. Saboda haka kwali mai wannan suna da ake sayarwa da farashin shayin gama-gari abin tuhuma ne. Na Siri Lanka kuma, tambarin zaki na hukumar shayin ƙasar ana buga shi ne kawai a kan shayin Ceylon zalla da aka ƙulla a can. Kalmar gauraye a jikin kwali tana nufin an haɗa da ganyen wasu wurare, wanda ba laifi ba ne in farashin ya nuna haka. Samuwar kayan ma tana hawa da sauka. Bayan da gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani a 2021, abin da ƙasar ta noma ya faɗo daga kusan kilo miliyan 300 zuwa kimanin miliyan 251 a 2022. Tunda da kuɗin waje ake sayo wannan kaya, faɗuwar darajar naira bayan sauya tsarin musaya a Yunin 2023 ta ƙara masa tsada a hannun mai shigowa.

Wannan ya sa tunani ke komawa kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda ake noman shayi a Kakara tun shekarun 1970, ana sayar da shi da sunan Highland Tea. Tsaunin ya haura mita 1,500, wato yana cikin tudun da Siri Lanka ke lissafawa a matsayin na sama, kuma a tsallaken iyaka Kamaru ma tana da gonakin shayi a Ndu. Ra'ayina shi ne duk mai son shiga wannan sana'a da dogon buri ya kamata ya sa na gida cikin kofunan gwajinsa, ya kwatanta da bakinsa, tunda shi ba ya bukatar dala.

Ajiya ita ce inda ribar da aka lissafa a takarda take zurarewa. Busasshen ganyen shayi yana zuƙar damshi, yana kuma zuƙar duk warin da ke kusa da shi. A shagunanmu kuwa sau da yawa katan ɗin shayi yana jingine da na sabulu, ko kusa da turare, ko daddawa, ko jarkar kananzir. Mai kauri yana iya sha da ƙyar, amma marar kauri cikin ɗan lokaci zai koma shayin sabulu. A garuruwan kudu masu yawan ruwan sama da damshi, a fifita irin wanda aka rufe kowace jaka a cikin tata ambulan mai hana iska shiga, ko da ya fi tsada. A ɗora katan a kan katako nesa da bango da ƙasa, inda rana ba ta bugu, a fara fitar da wanda ya riga shigowa. Kuma tunda masu sayen ba su da yawa, a saro abin da zai ƙare cikin 'yan watanni, ko da kuwa dillali ya yi tayin rangwame ga wanda zai kwashi kaya mai yawa.